Kifaffun Tukwanen Layin Citta

Ludayin Zipora yana sama cike da faten acca mai tururi, kwanon Lawali yana ƙasa yana jira, sai ƙarar usur ta tashi a bayanta. Ba ta ko waiwaya ba. Shekara talatin da ɗaya tana auren mai usur ɗin, ta san hurawarsa kamar yadda ta san tarinsa.

"Mama Henry, mayar da wannan abinci a tukunya," in ji Kambai. "Oda ne na kwamiti. Daga yau babu mai ba mutumin Nijar abinci ko ruwa a layin nan."

Kambai tsohon saja ne da ya yi yaƙin Saliyo, ya dawo da ɗingishi da lambar yabo guda, yanzu kuma shi ne shugaban kwamitin tsaro na Layin Citta, jerin ɗakunan ajiya a bayan garin Kafanchan inda ake auna busasshiyar citta a loda wa manyan motoci. Tun da sojoji suka ƙwace mulki a Yamai, aka rufe iyaka, rediyo ya fara maganar tura runduna, tsohon ya fito da takalmansa na soja ya goge su tas. Ba wanda ya kira shi, kuma babu mai niyyar kiransa, saboda haka ya kawo nasa yaƙin bakin murhun matarsa.

Lawali kuwa direba ne daga Maraɗi, shekara tara yana zuwa ɗaukar citta, kuma duk zuwansa a rumfar Zipora yake cin abinci. An gama yi masa lodi ke nan iyakar ta rufe. Mai motar ya bugo waya ya ce ya tsaya inda yake, don motocin da suka isa bakin iyaka suna can a layi, ruwan sama yana ɓata musu kaya. Shi da mutanensa huɗu suka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin motocinsu biyu suna jiran abin da Allah zai yi.

Ya janye kwanonsa a hankali, ya goge shi da gefen riga alhali ko ɗigo bai shiga ba.

"Ba komi, Mama," ya ce. "Mun gode da wanda munka ci a baya."

Zipora ta juye faten cikin tukunya. Kunya ta kama ta har cikin ƙashi, ta rasa inda za ta sa idonta.

* * *

Da la'asar a gida ta ajiye wa Kambai tuwonsa, ta zauna tana kallon yadda yake cinsa da natsuwar mutumin da ya yi aikin kirki. Sai da ya kai rabi ta tambaye shi laifin da Lawali ya yi.

Kambai ba sakarai ba ne, wannan shi ya fi ba ta haushi. Ya ajiye lomarsa ya ba ta labarin da ya daɗe bai bayar ba, na ƙauyen da suka shiga a Saliyo suka tarar da mata da yara an datse musu hannuwa, bayan masu bindiga sun ɗauki ƙasa tamkar gonar ubansu. Ya ce duk sojan da ya ɗanɗana kujera ba ya sauka da roƙo, in ba a fito da shi yau da ƙarfi ba, gobe maƙwabcinsa ma zai gwada. Ta san ba ƙarya yake ba. Ta ce to ai mutumin da ya ƙwace mulkin yana can Yamai cikin gida mai sanyi, in kokawa za a yi a je ƙofarsa, kuma kada ya manta ɗansu Henry yana bariki a Sakkwato, in an ce a tafi shi ne a gaba. Ya ce aikin soja ke nan. Ta ce na Lawali kuma tuƙi ne.

"Kai mace ne, ba ka ga abin da na gani ba," in ji Kambai. "In yunwa ya kama su, ba mu muka jawo ba. Wanda ya kwace mulki shi ya jawo. Su je su tambaye shi."

Zipora ta kwashe kwanuka ta tafi wanke su. Kambai ya ɗauka ya ci nasara, kamar yadda ya sha ɗauka a cikin shekaru talatin da ɗaya.

* * *

Damina ce mai ɓacin rai. Cuta ta faɗa wa gonakin citta daga Kwoi har ƙauyukan da ke kewaye, ganye ya yi rawaya, saiwa tana ruɓewa a ƙasa, maza suna yawo da zuciya a wuya suna neman wanda za su sauke wa. Da wani ya ce baƙin nan leƙen asiri suke yi, ba a nemi shaida ba. Kwamiti ya ƙara da cewa duk wanda ya fita ƙofar layin daga cikinsu ba zai dawo ba, su kuwa ba za su iya barin motocin mutane da kaya a kai ba.

Rahmatu mai waina, wadda rumfarta ke manne da ta Zipora, ta gwada kai musu abinci a lulluɓe cikin bokiti. Aka tare ta, aka ce in ta sake za a tashe ta daga layin. ’Yan kasuwa Musulmi suka yi ta ƙorafi a ɓoye, amma kowa ya san yadda ƙaramar magana ke zama gobara a garin nan, ba mai son a ce daga bakinsa ta tashi.

Ran kwana na uku Zipora ta hangi wani dattijo cikin baƙin ya tara kofi a bakin tamfol ɗin mota yana tarar ruwan sama. Ya galabaita har bai iya riƙe kofin daidai, rabin ruwan yana zuba a ƙasa. A bayanta kuwa mutanen kwamiti na zaune a kan bencinta suna neman ƙarin miya. Ta zuba musu, ta bar tukunyar a buɗe, ta zagaya rumfar Rahmatu. Daga nan su biyu suka bi rumfuna goma sha ɗaya na masu abinci, ɗaya bayan ɗaya, ’yan zumuntar mata ta coci da masu zuwa Islamiyya duka. Ba su daɗe a ko'ina ba, domin kowace mace ta riga ta ga kofin nan.

* * *

Akwai wata ɗabi'a ta Layin Citta da ta girmi yawancin masu aiki a cikinsa. In wani ɗan layin ya mutu, masu abinci sukan kife tukwanensu a kan murhu. Muddin tukwane na kife, ba a ɗaga sikeli, ba a ɗinke buhu, ba a loda mota, har sai an binne mamacin, shugaban kwamitin layin ya zo da hannunsa ya tayar da tukunyar farko. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, amma ba a taɓa samun wanda ya karya ba.

Washegari ranar babban lodi ce. Masu saye daga Kano da Legas sun iso tun da hantsi, ’yan dako sun tuɓe riguna, sai ga tukwane goma sha uku a kife, baƙaƙen gindinsu suna kallon sama, matan kuma na zaune a jere sun harɗe hannuwa. Mai sikeli ya sauke buhun da ya rataya. Mutane suka fara ƙirga junansu da ido. Kambai ya taho da ɗingishinsa cikin sauri, ya cire hula tun daga nesa.

"Mama Henry, wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu tukuna," in ji Zipora. "Muna jira ne. Suna nan a karkashin mota, su biyar. Mun ce gara mu kife tun yanzu, kada ya same mu da wuta a murhu."

Kambai ya mayar da hularsa. Ya ce wannan wasa da al'ada ne, ya ce tawaye ne, ya hura usur har sau uku, ko tukunya ɗaya ba ta motsa ba. Ya umarci mai sikeli ya ci gaba da aiki, mutumin ya ce shi dai ubansa bai taɓa auna kaya a gaban kifaffiyar tukunya ba, ba kuma a kansa za a fara ba. Rana ta take, masu saye suka fara duba agogo suna maganar wucewa Kwoi, cikin ’yan dako ya fara kuka. Mazan da kwanan nan suka ɗaga hannu a taron kwamiti yau suka kewaye shugabansu, kowa na rantsuwa cewa shi dama bai so dokar ba.

Kambai ya dawo wajen matarsa, ya rage murya. Ya ce ta dubi mutanen nan, sama da mutum ɗari ba su karya ba, me suka yi mata?

"Ba mu muka jawo ba, Baba Henry," ta ce. "Wanda ya kafa dokan shi ya jawo. Su je su tambaye shi."

Rahmatu ce ta fara dariya, ta toshe baki da mayafi amma ta ƙi tsayawa, sai ta bazu cikin matan, ta tsallaka har wajen ’yan dako. Kambai ya tsaya yana kallon matarsa. Ya buɗe baki zai ce ai wannan daban ne, ya nemi bambancin bai same shi da sauri ba. Sannan ya juya ya dubi ƙarƙashin motocin, karo na farko cikin kwana huɗu, ya ga dattijon nan a kwance, Lawali na yi masa fifita da kwali. Irin wannan kwanciya ya san ta, ya gan ta a wata ƙasa, kuma a lokacin shi ne ya zo da abinci.

Ya sa usur a aljihu. Ya durƙusa da ƙafarsa mai ciwo, ya kama kunnuwan tukunyar Zipora, ya juyo da ita, baƙin gindinta ya shafe masa gaban riga. Matan suka rangaɗa guɗa, wata ta ɗauko waƙar zumunta, masu waina suna tafa mata. Zipora ta ji daɗi irin wanda ba ta ji ba tun ranar da aka haifi Henry, kuma ba ta ɓoye ba, har ’yar rawa ta taka a gaban murhu.

* * *

Kwanon farko na baƙi ne, haka matan suka yanke, kuma ba namijin da ya yi gardama. Kambai da kansa ya ɗauki jarkar ruwa ya kai gindin motar, yana tafe yana gaya wa duk mai saurare cewa ra'ayinsa game da mutumin Yamai yana nan daram. Ba wanda ya hana shi.

Zipora ta cika kwanon Lawali da shinkafa da wake har ya yi tozo, ta ɗora nama biyu. Ya zauna a kan benci ya yi bisimilla, ya kai loma uku, sai wayarsa ta yi ƙara. Daga Maraɗi ne. Wayar tsohuwa ce mai amo, Zipora tana jin komai ba tare da ta kasa kunne ba: matarsa ce ke cewa har yau ba wuta, shinkafa ta gagari kowa a kasuwa, jiya kunu suka sha suka kwanta. Sai wata ƙaramar murya ta karɓe wayar.

"Baba, mi kake ci? Na ji bakinka."

Lawali ya dubi kwanon. Ya ɗauki murfi ya rufe shi a hankali don kada ya yi ƙara.

"Ba komi, ɗiyata," ya ce. "Ruwa nika sha."