Ƙafafun Kyanwar Lubna

Kwana tara ke nan da turmi ya faɗo wa kyanwar 'yata Lubna a kwankwaso. Tun ranar ƙafafunta na baya ba su sake ɗaukarta ba, da jan ciki take zuwa bakin kwanon ruwa.

Na sa ta a kwali, muka hau mashin daga Karofi zuwa Dutsin-Ma. Likitan dabbobi ya latsa nan ya latsa can, ya ce babu karaya. A riƙa yi mata tausa safe da yamma, ana lanƙwasa ƙafar ana miƙarwa. Da na tambaye shi ko za ta tashi, sai ya ce, "Malama, a dai gwada."

Ni gashin jariri na iya, shi nake yi mata. Tsumma da ruwan ɗumi, sai man shanu, in murza a hankali. Inna, uwar mijina, ta leƙo ta ce, "Ke Huseina, kyanwa ce fa! Saura ki dama mata kunun kanwa."

Na ci gaba da murzawa. Lubna shekararta huɗu, kuma ba ta taɓa tuwo sai ta ga kyanwar ta ci. Har idanun yarinyar sun faɗa.

Yau da safe na tallafe cikin kyanwar da zani na tsayar da ita. Ƙafafun suka taɓa ƙasa suka naɗe. Na mintsini yatsan ƙafarta da ƙarfi, ko waiwayowa ba ta yi ba.

Lubna ta ce, "Umma, ta ji?"

Na kasa kallonta. Na ce, "Bari in sake ɗumama ruwan."