Hankaka Ya Ƙi Shinkafar Baba

Tun hantsi muke zaune a matakalar kogin Godavari, curin shinkafa uku a kan ganye, hankaki sun cika bishiya, amma ko ɗaya bai sauko kan namu ba. Kwana goma ke nan da rasuwar Baba. In hankaka ya taɓa shinkafar, mamaci ya tafi hankalinsa kwance. In ya ƙi, akwai abin da ya rage a ransa. Waɗanda suka zo bayanmu ma nasu ya ci, sun tafi gida.

Ni dai na san mai laifi: ƙanena Nilkanth, mai binciken taurari a birnin Pune. Baba mai lissafin kalandar addini ne, kullum da safe sai ya faɗi kwanan wata tun daga shekarun Brahma mahalicci, wanda yininsa ɗaya ya fi shekara biliyan huɗu, ga shi har ya cinye shekara hamsin da irin waɗannan kwanaki. Nilkanth kuwa ya ce gaba ɗaya sararin sama bai cika shekara biliyan goma sha huɗu ba. Baba ya ce masa, "Ashe duniyar taka jaririya ce, ko cibiya ba ta yar ba." Daga raha aka koma faɗa, suka shekara shida gaisuwa kawai ke haɗa su.

Shi ya sa da Guruji, malamin da ke jan addu'ar, ya fara karanto shekarun nan Nilkanth yana maimaitawa, na kafa wa bakinsa ido. Da suka gama na matsa kusa.

"Ka faɗa kuwa?"

"Na faɗa, Tai." Haka yake kirana, ni ce babba.

"Na ga bakinka. Ana zuwa shekarun Brahma sai ka yi tari."

"Hayaƙin turare ne."

"Lallai hayaƙin nan ya san inda zai shaƙe ka."

Kansa da aka aske ƙwal saboda makoki yana ta sheƙi a rana, ya ba ni tausayi, amma ban yarda da shi ba.

Muka shiga yi wa Baba alkawura kamar yadda ake yi. Na ce ba za mu sayar da littattafansa ba. Nilkanth ya ce zai riƙa zuwa kowace shekara. Wani hankaka ya sauko, ya leƙa shinkafar da ido ɗaya, ya tashi abinsa.

Na ce, "Ka gani? Ya ji ƙarya."

Guruji ya duba agogo, ya ciro ciyawa ya fara saƙa hankaka da ita. Shi ake dangwala wa shinkafa in na gaske sun ƙi, kuma gidan da aka yi wa haka sai a shekara ashirin ana zancensa a unguwa. Yana saƙa ya ce, "Wa ke wurinsa a ƙarshe? Bai bar magana ba?"

Ni ce a wurinsa. Kwana biyu kafin ya cika ya riƙo hannuna ya ce, "Sulabha, kira mini yaron nan. Ina so ya gaya mini yadda suka auna shekarun duniya." Ban kira ba. Na ɗauka Nilkanth zai zo ya yi wa tsoho murmushin nan nasa na masu ilmi, ya ce ai dama. Na ce wa Baba wayar ba ta shiga.

Na faɗa musu, kaina a ƙasa.

Nilkanth ya tsuguna gaban ganyen.

"Baba, ga yadda muke yi. Duk tarin taurarin da ke nesa gudu suke yi daga gare mu, haskensu ne ke nuna mana. Na nesa sun fi sauri. To sai mu yi lissafi mu koma baya, har ranar da komai yake wuri ɗaya. Irin aikinka ne, Baba, tebur da alƙalami. Mun sha yin kuskure muna gyarawa. Abin da ke kafin ranar nan kuwa, ban sani ba."

Ya ci gaba da bayani, har yana zane da yatsa a kan dutse. Yana tsakiyar magana wani hankaka mai tsinkakkiyar jela ya dira, ya caki curin tsakiya, sauran suka rufa masa baya.

Guruji ya jefa na ciyawar a kogi. Ni na fashe da kuka, ko da yake wata zuciyar tana ce mini rana ce ta yi, yunwa ta kama su.

Muna hawa matakala na kama gefen mayafinsa. Bai fizge ba, bai kuma juyo ba.

Ya ce, "Tai, daga Pune zuwa nan awa biyar ce kawai."