Jan Hannun Tomezo

Ni Tomezo, na ci ɓawon dankali a shekarun yunwa, ambaliya ta kwashe gonata na sake dasawa, ƙanƙara ta kashe inabin kwarin nan ban kwanta ciwo ba. Makaranta kuwa, bakin ƙofarta kawai na sani. Amma wai ni za a ce wa hannuna abin kunya ne!

Tun da aka kawo ruwan maganin nan da ke hana inabi yin ƙwallo, ni na fara tsoma shi a ƙauyenmu. Kafin fure ya buɗe za ka ɗaga kofin maganin, ka tsoma kowane nonon inabi ɗaya bayan ɗaya. Muna zuba jan rini a ciki don mu gane wanda aka tsoma. Ka tsallake ɗaya, ƙwallo ya cika shi, masu saye su dawo maka da kwali. Ruwan yana gangarowa har gwiwar hannu, jan kuma ba ya fita da wuri.

To bana sai aka sa cin abincin baikon jikata Kanae a makon tsomi. Ranar da zan fara, na nemi rini na rasa. Sachie, matar ɗana, ta ɓoye.

"Baba, bana a yi ba rini mana. Dangin angon mutanen Tokyo ne fa."

"Mutanen Tokyo ne za su nuna min nonon da na tsallake?"

"To ku sa safar hannu."

"Safa? In murƙushe fure ban ji ba? Ke ki sa!"

Ɗana Haruo yana tsaye, ya zuba wa takalminsa ido kamar yau ya saya. Na taka zuwa gidan maƙwabcina Genji na aro rini. Yana miƙo min yana dariya: "Tsohon banza, za su ce alade ka yanka."

Na gama gonar kaf, fure bai riga ni ba.

Ranar baiko su Sachie suka tura min farar safar hannu a mota. Kanae ta riƙe min hannun riga.

"Kaka, don ni. Yau kaɗai."

Na sa, don ina son yarinyar nan. Muna zaune, uwar ango ta dube ni ta ce, "Ayya, ciwon fata ne, Baba?" Har tana janye kwanonta!

Na tuɓe safar, na shimfiɗa hannu biyu a kan farin mayafin tebur.

"Ciwon da ya kai Kanae jami'a ke nan," na ce. "Ku duba da kyau."

Ba wanda ya duba. Kanae ta tashi ta fita.

Auren yana nan, an sa rana a lokacin kaka. Su Sachie sun ce ba ni zan yi jawabi ba, Haruo zai yi. Haruo! Kanae kuma tana bugo wa uwarta waya, ba ta ce a ba ni. Su suka sani. Ni dai na san abin da hannuna ya yi, kuma gobe akwai tsomi na biyu, wanda ake yi bayan fure ya kaɗe.