Kwanon da Earlene Ta Mayar

Ran Asabar ɗin, tun ƙarfe takwas da rabi motoci suka fara jeruwa a bakin harabar cocin, alhali takardar da aka liƙa a shagunan aski ta ce ƙarfe goma. Haka mutanenmu na birnin Toledo suke. A kira su sujada, sai ana waƙar rufewa su shigo suna gyaran hula, amma a ce za a raba katin cefane, su riga mai mabuɗi zuwa.

Vernell Gatewood ta zo ta tarar da su. Ta ɗaura ƙyallen aikinta mai aljihu biyu a ƙugu, ta zuba katunan a aljihun dama, ta jefa wayarta a na hagu, ta karɓi kofi mai zafi daga hannun matan zumunta na cocin. Ta sha ne don an ba ta. Shekara uku ke nan da kofi da ruwan famfo ɗanɗanonsu ɗaya a bakinta.

Wannan ne karo na uku da cocin ke karɓar bindigogi, kuma tsarin bai canja ba. Mutum ya cire harsashi, ya sa bindigarsa a but ɗin bayan mota, ya zauna cikin motarsa. Dikin Purifoy, dattijon cocin, wanda ya yi shekara talatin yana aikin ɗan sanda kafin ya yi ritaya, shi ke buɗe but ɗin, ya duba, ya kai ta tebur a ƙarƙashin rumfa inda injin yankan ƙarfe yake. Yanka uku ake yi mata a kan idon mai ita, domin coci ba ta da izinin karɓar bindiga, tarkacen ƙarfe kawai take karɓa. A gefe akwai maƙeri da wutarsa, yana jefa bututun a ciki nan take, ya buge shi ya zama 'yar fartanyar lambu. Sannan Vernell ta miƙa katin cefane ta taga, ta nuna hanyar fita. Doka ɗaya ce babba, an rubuta ta da manyan baƙaƙe a kan kwali: ba a tambaya. Ba suna, ba lambar mota, ba ina aka samo.

Mutane ba su yarda da kwalin ba, da Vernell suka yarda. Ita ta bi gida gida a shekarar farko har takalminta ya cinye, ana ce mata tarkon 'yan sanda ne, tana dafa ƙirji tana cewa muddin tana tsaye a wurin ba wanda za a tambaya ko da sunan kakarsa. Suka gaskata ta saboda Marquel. Ɗanta ne tilo, direban bas, shekararsa ashirin da bakwai lokacin da aka harbe shi a gaban wurin wankin mota da rana tsaka. Mutum goma sha ne a wurin, amma da 'yan sanda suka zo kowa ya ce yana ɗaure igiyar takalmi. In uwar Marquel ta ce ba za a tambaya ba, to ba za a tambaya ba.

Unguwa kuwa ta san abin da ta sani. Ba a yi sati ba sunan Dorian Tubbs ya zagaya a kan shi ne ya yi harbin, daga shagon aski zuwa kicin ɗin coci. Wasu suka ce a kan mace ne, wasu suka ce magana ce ta yi tsami, ba dai wanda ya faɗa da ƙarfi. Ɗan sandan da ke binciken, wani farin mutum mai gajiyayyun idanu da ake kira Nowicki, ya zauna a falonta ya gaya mata gaskiya ba kwana-kwana. Ya ce "kowa ya sani" ba ya zuwa kotu, harsashin da aka ciro yana hannunsu, abin da ya rage bindigar ce, in ta fito a gwada a gani. Ya ba ta lambarsa. A shekarar farko duk wata sai ta kira shi, yanzu sai lokacin Kirsimeti, amma lambar tana nan a wayar, ita ce ta biyu daga sama.

Matan zumunta suna yabon bangaskiyarta, suna cewa ba su taɓa ganin hawayenta ba tun ranar jana'iza. Ba bangaskiya ba ce. Abin da ke cikin ƙirjinta ne ya mutu murus kamar ƙafar da aka daɗe a zaune a kai, ta jira ya farfaɗo har ta gaji da jira.

Safiyar ta tafi yadda ta saba. Wata tsohuwa ta kawo dogayen bindigogin farautar marigayi mijinta guda biyu, tana ba su haƙuri kamar yara. Wani mai gemu ya kawo wata 'yar tsatsa da ko kaza ba za ta tsorata ba, yana neman a ƙara masa kati, Purifoy ya ce masa ya gode wa Allah da ba a ce shi zai biya kuɗin wutar injin ba. Injin yana kuka, tartsatsi yana tashi, warin ƙonannen ƙarfe ya gauraya da na kifin da ake soyawa a bayan coci. Vernell tana zuwa bakin taga, tana yin tambaya ɗaya tak da aka yarje mata, wato guda nawa, tana miƙa kati, tana sa albarka.

Wajen sha ɗaya da kwata wata tsohuwar mota ruwan toka ta gangaro gabanta. Tun kafin gilashin ya sauka ta gane hannun da ke kan sitiyarin.

Earlene Tubbs ce, uwar Dorian. Shekara ashirin suka yi kafaɗa da kafaɗa a layin mawaƙa, 'ya'yansu sun ci duka a gidajen juna. Da mijin Earlene ya rasu, wata biyar kafin abin Marquel, Vernell ce ta gasa mata taliya da cuku a babban kwanonta na ƙarfe, ta aiki Marquel ya kai. Kwanon bai dawo ba. Da farko makoki ne ya hana, daga baya kuma Earlene ta daina zuwa coci, ta koma yin cefane a wata unguwa. A wurin matanmu riƙe kwanon mutum abin kunya ne, shi ya sa kowa ke liƙa sunanta a gindin nata, kuma mayar da shi ba komai a ciki ya fi riƙewar muni.

"Sista Vernell."

"Sista Earlene. Guda nawa?"

"Ɗaya. Ba ta cikin but."

Vernell ta leƙa. A kujerar gefen direba ga kwanon nan, an rufe shi da takardar gasa abinci mai ƙyalli, an lanƙwashe bakin tsaf yadda ake yi in za a kai gidan makoki.

Purifoy ya zagayo yana mita, ya buɗe ƙofar. "Haba Sista Earlene, an ce a but, kin ɗora ta a gaba kamar amarya. Abinci kika kawo mana ko aiki?"

Ya ɗaga takardar, dariyar ta tsaya masa a baki. Ƙaramar bindiga ce baƙa, kwance a kan tawul ɗin kicin. Ya juya bakinta ƙasa, ya buɗe ta, harsasai huɗu suka zubo a tafinsa. A kan irin wannan yakan yi wa mutum wankin babban bargo, amma yau sai ya zuba harsasan a aljihu kawai. Shi ma a unguwar yake aski. Ya dubi Vernell ta saman motar, ya ɗauki kwanon da hannu biyu, ya nufi tebur da wata irin tafiya da ba tasa ba, kamar gwiwa ta kama shi yanzun nan.

"Na dawo miki da kwanonki," in ji Earlene. Idonta yana kan sitiyari. Ta rame, wuyan rigarta ya yi mata yawa. Ta ce Dorian bai san ta ɗauko ba, ya daina fita, ya daina barci, kullum yana zaune a bakin gado da abin nan a cinyarsa, ita kuma tana kicin tana sauraron ƙarar da ba ta so ta ji.

Vernell ta ji hannunta ya shiga aljihun hagu da kansa. Wayar tana da ɗumi. A can ƙarƙashin rumfa Purifoy ya ɗaure bindigar a bakin injin, ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya shiga laluben safar hannun da ke sanye a hannunsa. Lokaci yake ba ta, kuma ya san ta sani. Ɗaga hannu kawai za ta yi ya dakata. Nowicki zai iso cikin minti goma sha biyar.

Ta dubi layin. Mota goma sha huɗu ne har kan titi, kuma ta san fiye da rabin fuskokin. A ta uku akwai kakar da ta yi mata zarya sau huɗu kafin ta yarda ta ɗauko abin da jikanta ya ɓoye a injin wanki. Duk suna kallon ta ta gilashi, saboda sun ga motar wa ke gaba. In motar 'yan sanda ta shigo harabar nan, ɗaya bayan ɗaya za su ja da baya, kowa ya koma gida da abin da ke but ɗinsa, kuma ba wanda zai sake zuwa ko Fasto ya yi shekara yana wa'azi.

Ta tsaya tana jiran fushi. Ta yi tsammanin in ranar nan ta zo jikinta zai ɗauki rawa, ta fasa gilashin motar da hannu. Ba abin da ya zo. Ta lura ƙafarta ta hagu tana ciwo, ta lura kifin bayan coci ya fara ƙonewa. Kalma biyu ce a bakinta, "Ita ce?", wato bindigar da ta kashe Marquel, kuma ta san in ta furta su Earlene za ta amsa.

Earlene ta juyo, karo na farko cikin shekara uku suka haɗa ido. "Ki tambaye ni, Vernell. Don girman Allah ki tambaye ni."

"Ba a tambaya a nan."

Ko tausayi ne ya sa ta faɗi haka, ko kuwa so take matar ta koma gida da kayanta a ka yadda ta zo da shi, ita kanta ba ta sani ba. Ta zare hannunta daga aljihun hagu, ta sa a na dama, ta fito da kati. Purifoy ya gani. Ya sunkuyar da kai ya kunna injin.

Yanka uku ba ya ɗaukar minti biyu. Maƙerin, wanda baƙo ne daga wani gari kuma bai san kowa ba, ya ɗauki bututun da awartaki ya cusa cikin wuta yana fito. Vernell ta kalli ƙarfen ya yi ja, ta kalli guduma ta sauka a kansa har ya baje.

Earlene ta ce ba ta son katin. Vernell ta ajiye mata shi a kan kujerar da kwanon ya tashi, ta ce Allah ya yi albarka, a fita ta ƙofar hagu. Motar ta ɗan jima ba ta motsa ba, sannan ta tafi. Ta baya ta gangaro, gilashi ya sauka, Vernell ta sunkuya ta ce guda nawa.

Ƙarfe biyu aka tashi. Fasto ya yi addu'a a kan ganga biyu na tarkace, ya ce bindiga sittin da ɗaya sun bar titi yau, aka tafa. Tana shirin shiga mota Purifoy ya biyo ta da kwanon, ya zubar da tawul ɗin, ya miƙa mata ba tare da ya dube ta ba. Ya ce nata ne, akwai suna a gindi.

A gida ta tara ruwan zafi ta zuba sabulu, ta wanke cikin kwanon sau biyu, amma warin man bindiga bai fita ba. Da ta kifa shi don ta wanke bayan, sai ta ga 'yar takardar da aka liƙa, ta yi rawaya, gefenta ya ɗan ɗago. Ba rubutunta ba ne. Ta tuna ranar hannunta duk cuku, ta ce wa Marquel ya rubuta mata kafin ya kai. Ya rubuta da karkatattun baƙaƙensa: NA MAMA GATEWOOD NE, A MAIDO KO TA ZO DA KANTA.

Ta kashe famfo. Ta ɗauki tsumma ta goge bayan kwanon a hankali, tana zagaye takardar don kada ruwa ya taɓa ta. Ta ajiye shi a kife a kan tebur, ta ja kujera ta zauna a gabansa da ƙyallen aikin har yanzu a ƙugunta, ta jira kuka. Da ta ga bai zo ba, sai ta danne gefen takardar da babban yatsa don ya koma ya liƙe.