Kwano Tsakanin Jirage Biyu

Maame Afrakoma ta ajiye waya tana huci. Yarinyar nan mai buga mata littattafai a Akara, wadda ko auren fari ba ta yi ba, ita ce yau take koya mata soyayya. Wai sabon littafin ba zai sayu ba. Ta yaya mata da miji za su tsufa a sararin samaniya, kowa a jirgin danginsa, kwanon abinci kaɗai ke kai da kawo tsakaninsu? Ko ta haɗa su a jirgi ɗaya, ko ta kashe ɗaya mutane su sha kuka. In ba haka ba, wai wannan ba aure ba ne, maƙwabtaka ce.

Kalmar ta soke ta, don ba ƙirƙirar zaman ta yi ba. Tun da ta auri Agya Boadu a nan Kumasi tana gidan uwarta, yana gidan uwarsa, kamar yadda iyayensu suka yi. Da yamma fufu da miyar gyaɗa su tsallaka titi, da safe shi da kansa ya dawo da kwano. Ba ta taɓa tambayar kanta ko so ne ba sai yau, kuma ta ji tsoro.

Washegari ya shigo da kwanon a hammata, yana jan ƙafarsa mai ciwo.

"Agya, kwaso kayanka ka dawo nan."

"Ikon Allah! Me na yi miki?"

"An ce mu maƙwabta ne."

"In ji wa? 'Yan Akara masu cin fufun leda?" Ya zauna yana nishi. "Ke, munsharinki daga tsallaken titi ma ina ji. Ƙarasa ni za ki yi?"

"Da gaske nake, tsoho."

Ya dube ta, ya ga da gasken take. Sai ya turo mata kwanon. Ta buɗe, ga lemo ɗaya a ɓare. Kwanon nan bai taɓa dawowa wayam ba. Ko shekarar da suka yi gaba ba ya fashi: ita ta zabga barkono don mugunta, shi ya cinye tas, ya mayar mata da lemon tsami.

"In na tare a nan, kullum za ki gan ni, kamar turmin can," in ji shi. "Ni kuwa duk safiya sai na tashi, na ji ƙafar nan, na ce yau ma zan je. Wanda ke cikin gida ai ba ya zuwa."

Daɗi ya cika ta, sai ta harare shi ta raba lemon biyu. Da ya tafi ta jawo littafin, ta bar tsofaffinta a jiragensu, ta sa mijin ya fito da kwano yana ɗingishi cikin taurari. Tana tsaka da rubutu ya leƙo ta taga.

"Maame, yau kuɓewa nake so."