Ruwan Ɗorawa

Yazan na durƙushe a tsakar gidansu da ke unguwar Sa'alaba a Jidda, yana ɓare salatif daga gefen taya a hankali, kamar mai cire bandeji daga ciwo. Farin zoben da ya zana ya fito tas. Ya sha wahalarsa, don duk sanda ya shafa fenti sai man roba ya tsattsafo ya dafar da farin, ya kankare ya sake.

Ɗan ƙaramin babur ne, wanda mahaifinsa Malam Gwadabe ya ƙare ƙarfinsa yana raba burodi da shi a lungunan Balad, tsohon cikin gari. Tsatsa ta cinye launinsa tun kafin Yazan ya yi wayo. Da ɓarin jikin tsohon ya shanye, Larabcinsa ya zube gaba ɗaya, sai Hausar ƙuruciya ta rage masa, kuma ya daina gane ɗansa. Likita ta ce a riƙa nuna masa abubuwan da ya sani, wataƙila ɗaya ya jawo ɗaya. Yazan kuwa haihuwar Jidda ne, Hausarsa ta ji ce, ita ma rabi da rabi.

Ya taɓa durƙusawa gaban tsohon ya tambaye shi launin babur ɗin.

"Gefen taya fari," in ji shi, idonsa na haske. "Jiki ruwan ɗorawa."

Ruwa kawai Yazan ya kama. A wajensa kuwa ruwa mai launi ɗaya ne, tekun Jidda. Ya zaga shagunan fenti har ya samo shuɗin da ya yi masa kama da teku da hantsi, ya fesa da dukan zuciyarsa.

Gwaggo Zubaidatu, ƙanwar tsohon, ta turo shi a kekensa na marasa lafiya bayan la'asar. Tana ganin babur ɗin ta tsaya cak.

"Kai Yazan, wannan shuɗin fa?"

"Shi ya ce ruwa, Gwaggo. Bahar, teku."

Ta dafe baki. "Ɗorawa itace ce, ɗan nan. Garinta rawaya ne, kamar ƙwaiduwa. Ina gida ɗaya da kai, ba ka tambaye ni ba?"

"Na so in yi masa…" Ya laluba kalmar bai samu ba. "Halas, shi ke nan, Gwaggo."

Ya tura babur ɗin gaban keken. Tsohon ya daɗe yana kallo. Ya miƙa hannun da ke aiki ya bi farin zoben da yatsa, ya zagaye shi har inda hannun ya kai.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Baba."

"Madalla. Ka iya aiki, samari." Ya ɗaga kai ya dube shi da fara'ar da ake yi wa baƙo. "Ni ma ina da irinsa, amma nawa ba shuɗi ba ne. In ɗana Yazan ya dawo, zan sa ya kawo maka ka gyara mini. Yaron kirki ne, sai dai ba ya jin magana in na yi masa."

Gwaggo ta juya fuska wajen bango.

Yazan ya ji duka, babu kalma ɗaya da ta wuce shi. 

"To, Baba," ya ce. "Allah ya dawo da shi."