Ruwan Wankan Gavril

A ƙauyen Brusteni, bututun ruwa ya tsaya ne daidai inda kwalta ta tsaya, a bakin shagon burodi. Daga nan sai layin gangare, inda tsofaffi suka fi yawa, kowane gida da 'yar rijiyarsa. A gida na ƙarshe Safta take zaune da mijinta Gavril, wanda ya ƙare ƙarfinsa a kan motar noma, har ranar da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye ya kwantar da shi.

Zafin shekarar nan ya zo ba ko yayyafi. Masara ta ƙone a tsaye. Rijiyoyin gangare suka fara ba da laka, daga baya guga ya riƙa dawowa a bushe. Mutanen layin sun san ba fari ne kaɗai ba. Tun da Zamfir, ɗan Tudora, ya haƙa rijiyar burtsatse mai zurfi don shayar da tumatirin da yake nomawa a rumfunan leda, ruwan rijiyoyinsu ya fara ja da baya. Kowa a ɗaki yake faɗa. Safta ce ta faɗa a ƙofar coci, a kan idon Tudora, ƙawarta tun suna 'yan mata suna tsinkar inabi.

"A garin nan sai tumatir ya sha ya ƙoshi kafin mutum ya jiƙa maƙoshi," in ji ta.

Tun daga ranar ko gaisuwa ba ta ƙara haɗa su ba.

Kullum da safe Safta takan jera jarkoki a amalanke, ta tura shi har famfon bakin shago, ta bi layi, ta dawo tana riƙe shi da duk ƙarfinta kada ya ja ta a gangare. Abin da ta samo sai ta kasa shi: na sha, na tuƙa tuwon masara, na kaji, sauran kuma na Gavril. Mai kwanciya ba ya isa da ruwa. A goge masa jiki, a wanke zanin gado, kafin ya bushe wani ya ɓaci. Ita kanta tsumma take jiƙawa ta shafa fuska da wuya, ta ɗaure kai da kallabi ta rufe sauran.

"Tsohuwa," Gavril yakan ce da harshensa da ya yi nauyi, "ki bar ni haka nan. Zance zan je?"

"Rufe min baki ka ɗaga hannu. Wa zai saurare ka da wannan gemun?"

Duk da haka ruwan bai isa ba. Malamar asibitin da ke zagaya marasa lafiya ta juya Gavril, ta ga gyambo ya fara buɗewa a ƙugunsa. Ba ta yi faɗa ba. Ta dubi jarkokin da ke jingine a bango, ta ce wurin yana son wanki safe da yamma da shimfiɗa mai tsabta, in ba haka ba zai ci ya yi zurfi.

Labari ya kai wa 'yarsu Lenuta, wadda ke Italiya tana jinyar wata tsohuwa mai hali. Ta yi kiran bidiyo.

"Mama, juya wayar in ga Tata."

Safta ta juya ta wajen uban, wanda Lenuta ke kira Tata.

"Wannan zanin gadon na gani makon jiya."

"Na wanke shi."

"Mama, don Allah." Lenuta ta share ido da bayan hannu. "Kullum sai na yi wa uwar wasu wanka da ruwan ɗumi, nawa uban yana ruɓewa a kwance. Na yi magana da wani gidan tsofaffi a birni. Akwai masu jinya, akwai ruwa. Ƙarshen wata zan zo in kai shi."

Aka kashe wayar. Gavril yana kallon rufi.

"In aka fitar da ni daga gidan nan," ya ce, "a akwati zan dawo."

Safta ta san ba ƙarya ya yi ba, kuma ta san 'yarta ma ba ta yi ƙarya ba. Sai ta ƙara sawu, ta koma zuwa famfo safe da rana.

A irin wannan sawun na rana ne ƙafar amalanken ta fita. Daidai ƙofar gidan Zamfir, inda gangare ya fara, ya kife. Jarkoki suka gangara, murafe suka ɓalle, ruwan ya malale a kan ƙura, ƙasa ta shanye shi tana kallo. Safta ta sunkuya za ta ɗauki jarka, ta kasa. Sai ta zauna a tsakiyar hanya, hannuwa a cinya.

Ƙofar ƙarfe ta yi ƙara. Tudora ce ta fito, gajeriya, mai faɗin kafaɗa, hannunta duk garin fulawa.

"To, mai wa'azin ƙofar coci, yau a ƙofata za a yi huɗubar?"

"Wuce ki ba ni wuri."

"Ni ce zan wuce a ƙofar gidana?" Tudora ta matso za ta kama ta, sai ta tsaya cak. Kallabin Safta ya zame, gashinta ya manne da kai, wuyanta ya yi zanen datti. Tudora ta san ta da tsabtar da har tsokanarta ake yi, mace mai wanke dakalin ƙofa da sabulu. Murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Safta, rabonki da wanka yaushe?"

Safta ta kawar da kai.

"Tashi."

"Gavril na jirana."

"Ina zai je? Tashi na ce, kafin in kira ma'aikatan Zamfir su ɗauke ki kamar buhun dankali."

Haka ta ja ta har banɗakin gidan, mai farin tayil har sama. Ta murɗa famfo, ruwan ɗumi ya zubo daga bisa. Da ya sauka a kan Safta sai ta dafa bango, kukan da ta daɗe tana haɗiyewa ya ƙwace mata. Tudora ta naɗe hannun riga ta kama dirje mata baya da soso.

"Yi kukanki, ba mai ji. Dubi baya, sai ka ce allon wanki. Da kin mutu a hanya da sai a ce ni na kashe ki."

"Ai ke ce."

"Ɗaga hannu, uwar baƙar magana."

Safta tana zaune a kicin sanye da rigar Tudora, kwanon miyar wake a gabanta, Zamfir ya shigo da takalmansa na roba. Ya gan ta ya ɗan daburce.

"Sannu, Tanti Safta," ya ce, kamar yadda ake kiran inna a can.

Uwarsa ba ta bari ya zauna ba. Ta ce rumfunansa sun gangara har bayan lambun Safta, tiyo ɗaya kawai zai zura ta shinge ruwa ya kai musu.

"Mama, in na ba gida ɗaya, layin duka zai zo. Injin ba zai ɗauka ba. In tumatir ya bushe, mutanen da ke aiki a wurina me za su ci? Magajin gari ne ya kamata ya ja musu bututu. Kowane zaɓe sai ya zo ya auna layin, an taɓa ganin ko shebur?"

"Wannan gaskiya ne," in ji Tudora. "Gavril kuma ya jira zaɓe?"

"Ni dai ba zan iya ba."

Ya fita. Safta ta ture kwanon ta miƙe, kunya ta rufe ta. Ta yi godiyar wanka, ta tattara jarkokinta ta tafi.

Washegari tana hura wuta ta ji ana buga ƙyaure da ƙafa. Tudora ce, bokiti biyu cike a hannu, fuska ta yi ja, tana haki.

"Karɓi, hannuna zai cire."

"Kin haukace? Da shekarunki?"

"Ruwan gidana ne, ƙafata ce."

Ashe ba ta gajeriyar hanyar bayan rumfuna ta biyo ba. Da gangan ta fita ta babbar ƙofa, ta zaga ta gaban shago inda maza ke zama da safe, ta ajiye bokitan ta huta a gabansu, sannan ta gangaro. Haka ta yi washegari, haka ta yi ranar da ta biyo. Wanda duk ya ce zai karɓar mata sai ta ce a'a, ɗanta ya ce injinsa ba shi da ƙarfi, ita kuwa tana da shi. Maganar ta zaga gari. Zamfir ya shiga shago sayen taba, wani ya ce masa, "Sabuwar ma'aikaciyar nan taka akwai ƙwazo. Nawa kake biyanta?" Aka kwashe da dariya.

Ranar Asabar Safta ta ji ƙarar guduma a bayan lambu. Ta leƙa ta ga Zamfir da kansa a durƙushe, yana zura baƙin tiyo ta ƙarƙashin shinge. Ya kafa gungume a bakin hanya ya ɗaura kan famfo.

"Safe da yamma zan riƙa sakowa, Tanti," ya ce ba tare da ya dube ta ba. "Na layin ne duka. Don Allah ki ce wa uwata ta ajiye bokitan nan."

Ya murɗa. Tiyon ya yi tari, ya tofar da iska, sai ga ruwa garau, mai sanyi, yana dukan ƙasa. Safta ta tara hannu ta sha, ta ƙara sha. Maƙwabta suka fara fitowa da bokitai da tukwane. Safta ta dubi Zamfir ta ce, "Tunda ka zo, taya ni ɗaga Gavril."

Ta ɗora babbar tukunya a wuta, ta jawo bahon ƙarfe zuwa ƙarƙashin rumfar inabi. Zamfir da Petru, maƙwabcin su Safta, suka ɗauko Gavril. Zamfir ya ji yadda mutumin ya koma ba nauyi, mutumin da ya fara ɗora shi a kan motar noma yana yaro, sai ya sunkuyar da kai.

"A hankali, mai tumatir," in ji Gavril. "Ni ba kwando ba ne."

"Yi haƙuri, Nea Gavril," in ji Zamfir, kamar yadda ake kiran dattijo don girmamawa.

Suka zaunar da shi a ruwa, Safta ta tokare ƙugun da tawul. Gavril ya lumshe ido ya saki wani dogon nishi wanda har kajin suka ɗaga kai. Ta wanke masa kai, ta zubar, ta sake, ba ta auna ko kofi ɗaya ba. Ta aske masa gemu. Ruwan sabulu ya bi ta gindin inabi ta bar shi ya tafi.

"Ƙara," ya ce.

"Za ka narke."

"Ƙara, tsohuwa."

Ta ƙara. Da yamma zannuwan gado sun cika igiya daga wannan bango zuwa wancan. Safta ta zauna a dakali don ta ɗan huta, barci ya ɗauke ta a zaune, irin wanda ta manta akwai shi.

Lenuta ta iso ƙarshen wata da motar haya da jakar da za ta haɗa kayan uban. Ta same shi a kujera cikin inuwa, farar riga a jikinsa, yana gardamar ƙwallo da Petru. Ta durƙusa ta sa fuska a wuyansa ta daɗe a haka. Daga baya ta ɗaga rigar ta duba ƙugun da idon wadda ta san aikin. Gyambon ya bushe, ya fara haɗewa.

A kicin ta ce, "Mama, ruwan nan na mutum ne. Ran da ya ga dama zai rufe."

"Na sani."

"Kuma sanyi na zuwa. Tiyon zai daskare."

"Shi ma na sani. Petru ya ce za su tona rami su binne shi kafin ƙanƙara. Mazan layin sun yarda, har Dumitru gurgu ya ce zai riƙa kawo musu abinci." Safta ta goge hannu a zani. "Ki bar min shi, Lenuta. In na kasa, ni da bakina zan kira ki."

Lenuta ta dubi uwarta, sannan ta tura jakar ƙarƙashin gado. Kwanakin da ta yi a gida, da ita aka fara tonon, kuma ta ja mata biyu na layin suka je ofishin magajin gari suka zauna har sai da ya fito. Alkawari ya yi musu. Ba wanda ya ajiye shebur saboda shi.

Aka binne tiyon kafin ƙasa ta taurare. Da kabeji ya shigo, Tudora ta gangaro da wuƙarta, suka wanke babbar gangar katako, suka zauna a tsakar gida suna jera kabejin da za su adana su ci a lokacin sanyi, suna zuba ruwan gishiri. Tudora ta ɗanɗana ta yamutsa fuska.

"Gishirin ya yi kaɗan. Tun kina yarinya hannunki da rowa."

"Naki na bara ko alade ya ƙi ci."

Gavril ya buga sandarsa a taga daga ciki, ya ce a kawo masa ruwan gishirin ya ɗanɗana ya raba gardama. Safta ta ɗebo a cokali ta shiga, tana tare ƙasansa da tafin hannu.